Wanda ke zaman jinya a sashen gaggawa, me ya fi buƙata a daren farko?

Ummu Safiyya, Gyallesu

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina da tambayar da ta tsaya mini a rai tun wata biyu da suka wuce, kuma ina roƙon ma'aikatan lafiya da waɗanda suka taɓa zaman jinya su taimaka mini da abin da suka sani.

Wani dare cikin hunturu, mahaifiyarmu tana alwalar isha'i sai buta ta suɓuce daga hannunta na dama, bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita. Ta daɗe tana fama da hawan jini. Ni da ƙanena muka sa ta a keke napep ɗin maƙwabcinmu muka nufi wani asibiti, kuma tsakani da Allah ba a ɓata lokaci ba wajen karɓarta a sashen gaggawa. Abin da ya biyo baya shi ne damuwata. Daga lokacin da aka kwantar da ita zuwa kiran assalatu, sau shida na bar gefenta: yankar kati, biyan kuɗi, sayo ruwan ƙari da sirinji da safar hannu, kai jini ɗakin gwaji, komawa karɓo sakamako, da fita bakin ƙofa neman mai POS saboda tiransifa ta maƙale. Duk fitar da na yi, ina barin tsohuwar da ba ta iya cewa ko a gyara mata zani.

Lokacin da likita ya zo duba ta ina kan layin biyan kuɗi. Ya tambayi ƙanena ƙarfe nawa abin ya fara da kuma sunan maganin da take sha, yaron bai san ko ɗaya ba, domin ni ce nake ba ta magani kullum. Da na dawo likita ya wuce kan wani. Sunan ciwon ma a bakin ma'aikata biyu na tsince shi suna magana a tsakaninsu da Turanci. Na shimfiɗa mayafina a baranda cikin sanyi, wayata ta mutu, 'yan'uwa suna ta kira ba su samu na, ga banɗaki babu ruwa. Da safe gwaggonmu ta zo da kunu da rubutu za ta ba ta, wata nas ta daka mata tsawa, har aka yi cacar baki, kuma har muka bar wurin ba wanda ya gaya mana dalilin hanin.

Alhamdulillahi, Inna tana gida yanzu, ana kai ta gashi. A makarantar Islamiyyarmu ta matan aure muna da ɗan asusu, kuma mun yi shawarar mu riƙa taimaka wa masu jinya. Yawancinmu abinci suka kawo a matsayin shawara, kamar yadda ake kaiwa asibitoci da azumi. Ni kuwa da na tuna daren nan, ban tuna yunwa ba. Shi ya sa nake tambaya: me mai jinya ya fi buƙata a sa'o'in farko? Kuma a cikin buƙatun nan, wanne ne haƙƙinsa a kan asibiti, wanne ne ya rage ga dangi da unguwa?

Sista mai ritaya, Samaru

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiya. Na yi shekaru masu yawa ina aikin jinya, wani kaso mai tsoka daga ciki a sashen gaggawa, kuma zan fara da amsa laifin da ya hau kanmu: hana kunun nan daidai ne, amma hanawa ba tare da bayani ba kuskure ne.

Ga dalilin. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiyarsa tana lalacewa ba tare da ya sani ba, sai abin da aka ɗura masa ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya taso da ciwon huhu, wanda shi kansa yana kashewa. Don haka ba a ba shi komai ta baki, ko ruwan Zamzam ne, sai an gwada haɗiyarsa, idan ta ƙi a sa robar hanci. Haka wanda ake tsammanin za a shiga da shi tiyata, ana son cikinsa ya yi kamar awa shida babu abinci don kada ya yi amai a cikin maganin barci. Da nas ɗin nan ta ce wa gwaggonku, "Baba, ki shafa mata rubutun a fuska da hannu, amma kada ya shiga baki sai mun gwada haɗiyarta," da an rabu lafiya. Wannan magana ba ta cin minti ɗaya.

Tambayoyi biyun da likita ya yi wa ƙanenki kuwa su ne ginshiƙin aikin daren. Shanyewar jiki iri biyu ce, ta toshewar jijiya da ta fashewarta, hoton ƙwaƙwalwa ne yake bambance su, kuma maganin narkar da gudan jini, a inda ake da shi, galibi ba a bayar da shi bayan awa huɗu da rabi daga farawar ciwon. Saboda haka wanda ya ga lokacin da butar ta faɗi, shi ne bai kamata ya bar gefen gado ba. A nan ne nake ganin an samu tangarɗa a tsarinku: ke ce mai labari, amma ke kika zama 'yar aike. A zo mutum biyu, wanda ya san tarihin ciwon ya zauna, mai ƙarfin ƙafa ya yi zirga-zirga. A kuma kwaso duk magungunan da mara lafiya yake sha a leda, da kwalayensu, har da na gargajiya, da tsohon katin asibiti, domin "wani ɗan farin ƙwaya" ba ya gaya wa likita komai.

Wani abin da ke jawo faɗa kullum shi ne mutane suna zaton layi ake bi. A sashen gaggawa ana tantance marasa lafiya ne gwargwadon hatsarin da ke kansu, galibi da launuka, ja ga wanda numfashinsa ko jininsa ke tafiya yanzu-yanzu, kore ga wanda zai iya jira. Mai karaya a hannu yana iya yin awa uku yana kallon ana wuce shi da waɗanda suka zo bayansa. Idan ba a gaya wa ɗan'uwansa haka tun a bakin ƙofa ba, zai ɗauka sanayya ce ko raini, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da kika ji a jikinki, cewa ba yunwa kika tuna ba, masu bincike sun daɗe da gano shi. A 1979 wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Nancy Molter, ta jera buƙatu 45 ta tambayi dangin waɗanda ke kwance rai a hannun Allah, daga baya aka karkasa buƙatun gida biyar: samun tabbacin ana kula da nasu, samun bayani, kasancewa kusa da shi, samun mai dafa musu, da jin daɗin jikinsu. Binciken da aka yi ta maimaitawa a ƙasashe daban-daban yakan nuna tabbaci da bayani a sama, jin daɗin jiki a ƙasa. Amma ki lura, a can ba a aiken dangi sayo sirinji. A nan mai jinya shi ne ɗan aike, shi ne mai biyan kuɗi, shi ne mai kwashe fo, shi ne mai juya mara lafiya don kada bayansa ya yi gyambo. Mutumin da muka ɗora wa rabin aikin sashe, kujera da ruwan wanke hannu ba alfarma ba ce gare shi. Na ga masu jinya sun yanke jiki sun faɗi a baranda, musamman tsofaffi masu ciwon suga da suka baro nasu maganin a gida.

Shawarata ga duk mai jinya ita ce ya nemi sanin nas ɗin da ke shugabantar aikin wannan lokacin, ya yi mata tambaya uku cikin ladabi: me ake zato, me ake jira yanzu, kuma wace alama ce idan na gani zan kira ku da gudu.

Baban Hanifa, Tudun Wada

Hajiya Sista, Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Sai dai da izininki zan ɗan saɓa miki a kan abin da ya kamata ya zo farko, domin ni abin da na gani da idona kuɗi ne da jini.

Yayana ya yi hatsarin mota a hanyar Kano, tsakanin Zariya da Kwanar Ɗangora, jami'an kiyaye haɗurra suka kawo shi. An yi mana bayani sarai, an ce jini yana zuba a cikinsa, za a shiga tiyata, a nemo jini leda uku. Bayanin bai rage mini komai ba a wannan lokacin. Kafin la'asar 'yan dubiya sun fi ashirin a harabar asibitin, kowa da ledar lemo da ayaba, har mai gadi ya gaji da korarsu, amma da aka ce a zo a gwada jini sai wuri ya yi tsit. Wannan ya ce bai ci abinci ba, wancan ya ce an gaya masa jinin da aka ɗiba ba ya dawowa. Ni da wani abokin sana'ata muka bayar, leda ta uku sai bayan magariba muka samu.

Ina so mutanenmu su san cewa abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki yana mayar da ruwansa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin jinin kuma cikin 'yan makonni. Baligi mai lafiya daga shekara 18, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa, namiji duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu. Sannan ba a ɗiba a ɗaura nan take, sai an tantance shi daga cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, an kuma gwada dacewarsa da na mara lafiya, wanda duk yana cin lokaci. Wanda ya zo da masu bayarwa tun da wuri ya sayi wannan lokacin.

Don haka, Malama Ummu Safiyya, idan asusunku zai yi aiki, ga abin da nake gani. Ku sa mazajenku da samarin unguwa su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta a littafi da lambar waya, a ajiye wurin mutum biyu masu amana. Ku kuma ware tsabar kuɗi, ba a banki ba, da za a iya miƙa wa mai jinya rance cikin dare. Duk wanda ya yi jinya a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san abin da ake nufi da mutum yana da kuɗi a asusu amma ya rasa na sayen allura. Abinci kuwa, a garin nan ban taɓa ganin mai jinyar da maƙwabcin gadonsa ya buɗe kula ya hana shi ba.

Lauya, Kongo

Malama, zan tsaya a kan sashe na biyu na tambayarki, wato abin da yake haƙƙi.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili, kuma ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sashe na 23 ya wajabta a sanar da mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su, cikin harshen da yake fahimta, tare da la'akari da matakin karatunsa. Ke nan bayani da Hausa ga wanda Hausa yake ji yana cikin doka. Akwai kuma dokar 2017 da ta tilasta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, sai dai asibitin ya sanar da su cikin awa biyu da fara magani. Wannan ta shafe mu sosai, ganin yadda ake kawo mutane daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari. A 2018 kuma an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya na ƙasa, wanda ya ƙunshi sanin kuɗin da za a caje shi dalla-dalla da damar kai ƙorafi.

Abu biyu nake so a lura da su. Na farko, waɗannan haƙƙoƙi na mara lafiya ne, doka kuma ta kare sirrinsa, saboda haka likita yana da hujja idan ya ƙi yi wa duk wanda ya ce shi ɗan'uwa ne bayani. Idan mara lafiya ba ya cikin hayyacinsa, ya kamata iyali su tsayar da mutum ɗaya da zai karɓi bayani ya kuma sa hannu, kuma su yi hakan tun a gida. Na san shari'o'in da ba su kai kotu ba amma sun raba zumunci, inda mace take buƙatar tiyata cikin gaggawa aka tsaya neman mijinta a waya, alhali baligar mace da ke cikin hankalinta sa hannunta ya wadatar.

Na biyu, dokar da ta hana korar mara lafiya ba ta cika kantar magani da kanta. Ta dai kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da akalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun don kulawar gaggawa, amma mai jinya har yanzu shi ake miƙa wa takarda. Saboda haka ku ƙarfafa wa mambobinku shiga inshorar lafiya ta jihar Kaduna, KADCHMA, ku kuma sani cewa manyan asibitoci suna da ofishin walwalar marasa ƙarfi da teburin SERVICOM na karɓar ƙorafi. A riƙa adana kowane rasit.

Maman Abba, Sabon Gari

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma kowa ya faɗi gaskiya, amma akwai buƙatar da ba a ambata ba, wataƙila don naku sun tashi. Nawa bai tashi ba.

Maigidana ya rasu a sashen gaggawa shekara uku da suka wuce, ciwon zuciya ne. Da numfashinsa ya fara sarƙewa aka ce kowa ya fita, aka ja labule. Na tsaya a bayan ƙofa ina jin motsinsu da ƙarar na'ura kusan rabin awa, ba wanda ya leƙo. Daga ƙarshe wani matashin likita ya fito ya tambaya ko akwai namiji a tare da ni, na ce babu, ya ce to in kira. A haka na gane. Shekara ashirin da shida muna tare, ni na yi jinyarsa, amma aka ga ban isa a gaya mini ba sai an jira ƙaninsa ya taso daga Hunƙuyi.

Ban zargi kowa da sakaci a aikinsa ba, na san sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma kwana ya ƙare. Abin da yake ci mini rai har gobe shi ne ban samu na laƙƙana masa kalmar shahada ba, alhali Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya umarce mu da mu laƙƙana wa waɗanda ke gargara La'ilaha illallah. Taku biyar ne tsakanina da kunnensa. Da an bar ni na tsaya ta wajen kansa, wallahi ba zan taɓa ko waya ɗaya ba.

Hajiya Sista, ina tambayarki don Allah, shin dole ne a fitar da kowa a irin wannan lokaci? Ke kuma Ummu Safiyya, idan za ku taimaka, ku samu mata biyu ko uku masu natsuwa waɗanda za a iya kira ko ƙarfe biyun dare su zo su zauna kusa da mace irina. Na yi awa ɗaya da rabi ni kaɗai a kan benci da takalmansa a hannuna kafin wani nawa ya iso.

Sista mai ritaya, Samaru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ki haƙuri. Ba dole ba ne. Muna fitar da mutane ne saboda ƙuncin wuri, da tsoron kada wani ya faɗi ko ya riƙe hannun ma'aikaci, kuma danna ƙirji abu ne mai wuyar kallo. Amma an gwada wannan a Faransa, aka buga sakamakon a 2013: a cikin dangi 570, waɗanda aka ba zaɓin tsayawa lokacin da ake ƙoƙarin farfaɗo da nasu sun fi samun sauƙin firgici da damuwa bayan wata uku, kuma tsayuwarsu ba ta kawo cikas ga aikin ba. Sharaɗin shi ne mutum ɗaya, da ma'aikaci a gefensa yana gaya masa abin da ake yi. Ko a inda hannu ya yi ƙaranci, ana iya kiran mutum ɗaya ya shigo kafin a dakata. Batun jiran namiji kuwa al'ada ce kawai, ana yi da niyyar tausayi, amma ke ce matarsa kuma ke ya kamata a zaunar a gaya wa.

Ummu Safiyya, Gyallesu

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maman Abba, na yi kuka da na karanta naki, Allah ya kai haske kabarinsa. Na kwafe amsoshin nan zan karanta su a zamanmu na ranar Asabar. Abin da zan gabatar shi ne littafin masu ba da jini, da kuɗin rance a hannun ma'ajiyarmu, da sunayen matan da mazajensu suka amince a kira su cikin dare, sai kuma jaka guda biyu da za a ajiye a shirye, kowace da tabarma, bargo, buta, sabulu, caja da littafin rubutu da biro. Hajiya Sista, idan ba za mu takura miki ba, muna roƙon ki rubuto mana tambayoyi ukun nan da abubuwan da ba a ba mara lafiya ta baki, cikin Hausa mai sauƙi, domin mu sa malaminmu ya juya su zuwa ajami saboda iyayenmu da ba su yi boko ba.